Saƙonni 56 da Ba Su Shiga Takarda Ba: Cameron, Greensill da Ka'idar Bayyana Ganawa a Birtaniya

Duk bayan wata uku, Ma'aikatar Kuɗi ta Birtaniya takan fitar da wata takarda da ke lissafa waɗanda manyanta suka gana da su. Takardar ba ta da wani kwarjini. Jadawali ne kawai: sunan jami'i, kwanan wata, sunan kamfani ko ƙungiyar da ta zo, sai dalilin zuwan cikin kalma biyar ko shida. A watan Maris na 2021, 'yan kwanaki bayan durƙushewar kamfanin hada-hadar kuɗi na Greensill Capital, jaridar Financial Times ta nuna cewa a cikin wannan jadawali akwai zama 10 da wakilan kamfanin suka yi ta bidiyo da ma'aikata biyu mafiya girma a ma'aikatar, tsakanin Maris da Yuni na 2020. Zama goma cikin wata huɗu, a daidai lokacin da annobar korona ta hana kowa a ma'aikatar barcin kirki, ai abin a tsaya a duba ne.

Sai dai abin da ya fi zaman goman nauyi bai fito a ko layi ɗaya ba: sunan mutumin da yake ta ƙwanƙwasa ƙofa da wayarsa a madadin kamfanin. Tsohon Firaminista David Cameron ne. Jaridar ba a takardar gwamnati ta tsinci sunansa ba, a bakin majiyoyinta ta ji.

Daga baya an yi bincike iri-iri, kuma duk suka tsaya a kan magana ɗaya: Cameron bai karya doka ba. To, a nan gizo yake saƙa.

Tarkon da ya ɗana da hannunsa

A Fabrairun 2010, wata uku kafin zaɓen da ya kai shi kan mulki, Cameron yana jagoran adawa ya yi wani jawabi da ba a manta ba. Ya ce kamun ƙafar da kamfanoni suke yi wa gwamnati a ɓoye shi ne babban abin kunya na gaba da ke jiran fashewa. Har ya zana yadda ake yi: liyafar cin abinci, raɗa a kunne, tsofaffin ministoci da mashawarta da ake hayarsu su nuna wa manyan 'yan kasuwa hanyar biyan buƙata. Baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Da ya hau, gwamnatinsa ta kafa tsari mai ƙafa biyu. Ƙafar farko ita ce ka'idar da ke cikin kundin ɗa'ar ministoci, wadda ta wajabta wa kowace ma'aikata ta riƙa wallafa ganawar ministocinta da mutanen waje sau huɗu a shekara. Manyan sakatarorin ma'aikatu su ma ana fitar da tasu. Ƙafa ta biyu ita ce dokar 2014 da ta buɗe rajistar masu sana'ar kamun ƙafa, domin a can sana'a ce halastacciya, da kamfanoninta da ofisoshinta. Dokar ta ce duk wanda ake biya ya yi wa wani magana a gaban minista ko babban sakatare, sai ya yi rajista, ya kuma faɗi waɗanda yake yi wa aiki.

Amma dokar ta tsaya ne a kan ɗan haya, wato wanda kamfani ya ɗauko daga waje. Ma'aikacin cikin gida, wanda kamfani yake biya albashi ya yi masa kamun ƙafa, babu ruwan rajista da shi. An ja kunnen gwamnati a kan wannan giɓi tun dokar tana gaban majalisa. Amsar da ta bayar tana da ma'ana a fuska: in minista ya gana da ma'aikacin wani kamfani, ai sunan kamfanin zai fito a jadawalin ganawa, kowa ya san muradin wa ake karewa; ɗan haya ne ba a san wanda ya aiko shi ba. Wato rajista ta jingina da jadawali. Shi kuma jadawali, abin da ya sani da suna ganawa shi ne zaman da aka tsara ta ofis, aka rubuta a littafin sakatare. Saƙon tes ba ganawa ba ne. WhatsApp ba ganawa ba ne. Kiran wayar da ba a shirya ba, shi ma haka. Kowace ƙafa tana zaton ɗayar ce take ɗauke da nauyin, ashe tsakaninsu akwai ramin da raƙumi zai wuce da kayansa. Ƙungiyar Transparency International reshen Birtaniya ta yi ƙiyasin cewa rajistar ba ta kama ko kashi 4 cikin 100 na masu kamun ƙafa a ƙasar ba.

Akwai kuma ka'ida ta uku, wadda ta hana tsohon minista kamun ƙafa a gwamnati har shekara biyu bayan ya sauka. Cameron ya sauka a Yulin 2016. Ya kama aiki da Greensill a matsayin mashawarci a Agustan 2018. Shekara biyu da wata ɗaya ke nan.

Ɗan manomin rake

Lex Greensill, wanda ya kafa kamfanin, ɗan Ostareliya ne, daga Bundaberg a jihar Queensland, inda gidansu suke noman rake da kankana da dankali. Yakan ba da labarin yadda iyayensa suke kai amfanin gona su yi ta jiran biya wata da watanni, ya ce abin da ya sa shi wannan sana'a ke nan. Sana'ar ba ta da wuyar fahimta. Ƙaramin ɗan kasuwa ya kai wa babban kamfani kaya, an ce ya dawo bayan kwana 90. Sai Greensill ya biya shi yau, ya cire ɗan wani abu, shi ya jira babban kamfanin. Waɗannan basussuka kuma sai a ɗaure su dami-dami a sayar wa masu zuba jari, galibi ta wasu asusu na bankin Credit Suisse. Inda matsalar take shi ne, kamfanin ya kai ga ba da rance a kan cinikin da ba a ma yi ba tukuna, wanda ake hasashen za a yi, kuma ya tara kaso mai yawa na bashinsa a hannun mutum guda, attajirin ƙarafa Sanjeev Gupta da rukunin kamfanoninsa na GFG Alliance.

Shi Greensill ba baƙo ba ne a gidan gwamnati. Jeremy Heywood, wanda ya zama sakataren majalisar ministoci a 2012, ya san shi tun suna bankin Morgan Stanley, kuma ta hannunsa ya shigo. A zamanin mulkin Cameron har katin shaida yake rabawa da ke kiransa babban mashawarci a ofishin Firaminista. Bill Crothers, shugaban sashen sayayya na gwamnati baki ɗaya, ya fara yi wa Greensill aikin ba da shawara a Satumbar 2015 alhali yana nan kan kujerarsa, bai bar aikin gwamnati ba sai Nuwamba. Wannan ma da izini aka yi.

Juma'a, 3 ga Afrilu 2020

Da korona ta rufe kasuwanni a Maris na 2020, Ma'aikatar Kuɗi da Babban Bankin Ingila suka buɗe wani shirin agaji da ake kira CCFF, inda bankin yake sayen takardun bashi na gajeren zango daga manyan kamfanoni masu ƙarfi don kada ruwa ya ƙare musu. An ware kamfanonin hada-hadar kuɗi daga shirin. Greensill na cikin waɗanda aka ware, shi kuwa yana so a sauya sharuɗɗan ya shiga.

Tun ranar 5 ga Maris Cameron ya fara tura saƙo. Wanda ya fi yawan aika wa shi ne Tom Scholar, babban sakataren Ma'aikatar Kuɗi, mutumin da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa a Downing Street, wato ofishin Firaminista. Salon saƙonnin na tsofaffin abokai ne, ana barkwanci a kan gaisuwar gwiwar hannu ta zamanin korona, a ƙasa a sa hannu da "Love Dc", wato "da ƙauna, David Cameron". Da labari ya zo cewa an ƙi buƙatar kamfanin, ranar Juma'a 3 ga Afrilu, sai wayar ta ɗauki zafi. A yini guda ya bi Scholar, ya bi Ministan Kuɗi Rishi Sunak, ya bi ƙananan ministocin ma'aikatar, Jesse Norman da John Glen, ya bi wani babban minista, Michael Gove, ya bi wani mashawarci a ofishin Firaminista. A cikin saƙonnin ya kira matakin da aka ɗauka hauka. Mataimakin gwamnan Babban Banki, Jon Cunliffe, shi ma bai tsira ba a waɗannan makonni.

Sunak ya amsa a ranar: yana cikin jerin kiraye-kiraye, zai neme shi da yamma, in dare ya yi kuma da sassafe. Ranar 23 ga Afrilu ya sake rubuto masa cewa ya matsa wa ma'aikatansa su duba wata hanya tare da Babban Banki, ko da yake bai yi alkawari ba, kuma Charles zai tuntuɓe su. Charles ɗin shi ne Charles Roxburgh, babban sakatare na biyu, wanda mafi yawan zaman nan goma da shi aka yi.

A ajiye jadawalin a gefe guda, a ajiye wannan saƙo na 23 ga Afrilu a ɗaya gefen. Mai karanta jadawali zai ga wani kamfani yana ta zama da wani ma'aikaci, ya ɗauka aikin ofis ne ke tafiya. Ba zai taɓa sanin cewa tsohon Firaminista ya yi magana da Ministan Kuɗi a wayarsa, ministan kuma ya ce ya matsa wa ma'aikata ba. Jadawalin bai yi ƙarya ba. Kowane layi a cikinsa gaskiya ne. Rabin labari ya bayar, ya bar mai karatu ya cike ragowar da kyakkyawan zato.

Aka yi ta ja har ƙarshen Yuni, ma'aikatar ta ce a'a ta ƙarshe. Greensill bai shiga CCFF ba. Amma a cikin wannan wata na Yuni wata hukuma dabam, British Business Bank, ta amince masa ya riƙa ba da rance a ƙarƙashin wani shirin korona da gwamnati ke tsaya wa kashi 80 cikin 100 na bashin. Ya raba fam miliyan 400, rance takwas na miliyan 50 kowanne, akasarinsu ga kamfanonin da ke da alaƙa da Gupta, alhali miliyan 50 ɗin ita ce iyakar da aka sa wa rukunin kamfanoni guda. Ofishin binciken kuɗin gwamnati bai samu shaidar cewa ministoci sun tursasa hukumar ba, kuma daga baya an janye tsayawar da gwamnati ta yi wa basussukan.

Ranar 1 ga Maris 2021 inshorar da ke rufe wa kamfanin basussukan dala biliyan 4.6 ta ƙare ba a sabunta ba. A ranar Credit Suisse ya rufe asusu na kusan dala biliyan 10. Hukumar kula da bankuna ta Jamus ta dakatar da bankin Greensill da ke Bremen. Ranar 8 ga Maris kamfanin ya faɗi.

Yadda asiri ya tonu

In ban da zaman nan goma, babu abu guda daga cikin manyan abubuwan da aka sani a wannan lamari da ya fito ta hanyar da aka gina don ya fito. 'Yan jaridar Financial Times da Sunday Times ne suka tono. Saƙonnin Sunak biyu sun fito a Afrilun 2021 ta dokar 'yancin samun bayanai. Nasa na Cameron shi da kansa ya miƙa wa kwamitin majalisa a watan Mayu, da aka nema. Amsoshin da Tom Scholar ya ba shi kuwa, da yawansu sun tafi. Ya shaida wa majalisa cewa an goge wayarsa ta ofis a Yunin 2020 bayan an yi ta shigar da lambar sirri ba daidai ba, wadda ka'idar tsaron wayoyin ke nan. Daga baya aka gano wayoyi sama da 100 na ma'aikatar aka goge haka a shekarar. Ba na zargin mutumin da ɓoye komai. Kowa ya taɓa manta lambar wayarsa. Amma ma'aikatar da ke riƙe da baitulmalin ƙasa, a ce tarihin wata muhimmiyar mu'amalarta yana rataye a kan kada babban sakatare ya yi kuskuren danna lamba, wannan ba tsarin ajiye bayanai ba ne.

Sai kuma batun Matt Hancock, Ministan Lafiya na lokacin. A Oktoban 2019 ya haɗu da Cameron da Lex Greensill a wani zama na ƙashin kai, irin na a ɗan kurɓi wani abu a yi hira, aka yi maganar wata manhajar kamfanin mai suna Earnd, wadda ke bai wa ma'aikaci damar karɓar wani abu daga albashinsa kafin ƙarshen wata. Ana so a shigar da ita asibitocin gwamnati, kuma wasu sun karɓa daga baya. Wannan ido da ido ne, ba tes ba. Kundin ɗa'ar ministoci ma ya yi tanadinsa, tun bayan da minista Priti Patel ta rasa kujerarta a Nuwamban 2017 saboda ganawar da ta yi da shugabannin Isra'ila tana hutu ba ta sanar ba: in minista ya tsinci kansa yana maganar aiki a wurin biki ko hutu, babu ma'aikaci a kusa, to ya kai rahoton abin da aka tattauna ma'aikatarsa. Ɓangaren Hancock sun ce ya sanar da ma'aikatansa. Jama'a dai ba su ga zaman a jadawali ba, sai a jarida, bayan shekara ɗaya da rabi.

Mai kula da rajistar kamun ƙafa, Harry Rich, ya duba lamarin Cameron a ƙarshen Maris 2021, bai daɗe ba ya rufe: ma'aikacin cikin gida ne, dokar ba ta hau kansa ba. Cameron ya yi gum na makonni, sai ranar 11 ga Afrilu ya fitar da sanarwa cewa bai saɓa ka'ida ba, amma ya yarda tsohon Firaminista ya kamata ya bi hanyar ofis zalla in zai yi magana da gwamnati. Ranar 13 ga Mayu ya bayyana gaban kwamitocin majalisa biyu. 'Yar majalisa Angela Eagle ta ce masa ta karanta saƙonninsa 56, kuma sun fi kama da bibiyar mutum a hana shi sakat fiye da kamun ƙafa. Shi kuma ya dage cewa taimakon ƙananan 'yan kasuwa ne ya sa shi, ya ƙi faɗin nawa ake biyansa. Shirin Panorama na BBC ya ce ya samu kusan dala miliyan 10 daga kamfanin. Mai magana da yawunsa ya ce kuɗin bai kai abin da aka faɗa ba.

A Yulin 2021 kwamitin majalisa mai kula da Ma'aikatar Kuɗi, ƙarƙashin Mel Stride, ɗan jam'iyyar Cameron, ya ce tsohon Firaministan ya nuna babban rashin hangen nesa, kuma rashin karya ka'idar da ya yi shaida ce ta raunin ka'idar. Lauya Nigel Boardman, wanda Firaministan lokacin, Boris Johnson, ya naɗa ya yi bincike, shi ma ya ce ba a karya doka ba, ko da yake ya lura cewa wani lokaci Cameron yakan rage wa alaƙarsa da kamfanin nauyi in yana gabatar da kansa.

Maganar "ai bai samu ba"

Babbar kariyar gwamnati ita ce: an roƙa, an duba, an hana, to ina laifin? Akwai gaskiya a ciki, kuma ma'aikatan da suka tsaya kan a'a sun cancanci yabo. Amma ban yarda cewa a nan magana ta ƙare ba. A watannin nan lokacin babban sakatare ya fi zinariya tsada. Dubban kamfanoni suna neman wanda zai saurare su na minti biyar, masu otal da masu shaguna suna ta cike takardu a intanet suna jira. Kamfani guda ya samu zama goma da amsar minista a yini ɗaya. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ko da a wannan karon miyar ba ta kai yadda ya so ba. Dalilin ka'idar bayyana ganawa tun asali shi ne wanda ba shi da lambar minista ya san wa aka saurara kafin a yanke hukuncin da ya shafe shi, ko an biya wa mai roƙon buƙata ko ba a biya ba. Kuma da a ce an biya, da jadawalin yana nan yadda yake, shiru.

Ko a kan zaman da yake kamawa, jadawalin yana da nasa ciwon. Ganawar Janairu takan kai tsakiyar shekara kafin ta fito, lokacin an riga an yanke hukunci an sha ruwa. Kowace ma'aikata da nata shafin da nata fasalin. Gurbin dalilin ganawa kuwa sau da yawa abin da ake rubutawa bai wuce "ganawar gabatarwa" ko "tattaunawa a kan harkokin kasuwanci" ba, kalmomin da za su dace da kowane zama a duniya.

Masu cewa ba zai yiwu a rubuta kowane saƙo ba suna da hujja: minista yana samun ɗaruruwa, in aka ce sakatare ya lissafa duka, aiki ya tsaya. Sai dai maƙwabciyarsu Ireland ta warware wannan tun dokarta ta 2015, ta hanyar ɗora nauyin a kan mai aikawa. A can kamfanin da ke da ma'aikata sama da 10, in ya tuntuɓi minista ko babban jami'i a kan manufa ko doka, ko da baki ko a rubuce ko ta waya, shi zai shiga rajista duk wata huɗu ya faɗi wa ya tuntuɓa, a kan me, da abin da yake nema. In tsohon mai riƙe da muƙami ne ya yi masa maganar, sai an sa sunansa. Da a Dublin Cameron ya yi abin da ya yi, da sunansa ya fito a rajista kafin shekarar ta ƙare.

A Nuwamban 2021 kwamitin kula da ɗa'a a aikin gwamnati, ƙarƙashin Lord Evans, ya ba da shawarar a riƙa fitar da jadawalin duk wata, a tara shi wuri guda da za a iya bincikawa, a rubuta dalilin ganawa da gaske, a faɗaɗa shi ya kai ƙarin manyan ma'aikata da mashawartan ministoci, a kuma shigar da kamun ƙafar da ake yi ta waya da saƙo. Gwamnati ba ta ba da cikakkiyar amsa ba sai Yulin 2023. Ta karɓi wasu: ƙarin jami'ai za su shiga, za a inganta bayanin dalili, kiran wayar da aka tsara a littafin sakatare zai riƙa fitowa, kuma ta yi alkawarin rumbu guda. Wasiƙa da imel da WhatsApp da kiran ba-zata kuwa, ta ce ba ta ga buƙatar sa su ba. Rajistar 2014 ma aka bar ta a kan ɗan haya kaɗai. Wato in aka maimaita ranar 3 ga Afrilu 2020 a ƙarƙashin sabon tsarin, yawancin abin da ya faru a ranar ba zai fito ba.

Firaministan da gwamnatinsa ta ba da wannan amsa shi ne Rishi Sunak. Wata huɗu bayan haka, ranar 13 ga Nuwamba 2023, ya kira David Cameron Downing Street ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje. Da yake Cameron ya bar majalisar wakilai tun 2016, sai aka ba shi kujera a majalisar dattawa don ya iya riƙe muƙamin.